Sirrin Mutane a Kan Sikeli

Ranar Talata da hantsi Bu Tarsih, wato Uwargida Tarsih a maganarmu, ta shigo ofishin 'yan sanda. Ba ta zauna ba, shayin da aka miƙa mata ma ba ta dube shi ba. Ta ajiye rabin wata takarda da ta sha mai a kan teburin Sufeto Lasmini, ta danne ta da yatsa.

Wa bai san Tarsih ba a garinmu? Shekara ashirin da ɗoriya ita ke girkin aure da na kaciya. Ita kanta Sufeton ta ci shinkafarta a bikin ƙanwarta, har ta nemi ƙari.

Takardar ta ofishin unguwa ce, ga hatimi. Ga sunan Tarsih, ga lambar katinta na ɗan ƙasa, ga bayanin cewa bara ta yi tarin fuka. A cikinta aka naɗe wa wata maƙwabciya soyayyen tempe, wato wainar waken suya. Matar ta cinye, ta karanta, kafin la'asar gidaje uku sun fasa kiran Tarsih girki. Har da matar Pak Lurah, shugaban unguwa, wadda ta ba ta aikin abincin alƙalan gasar tsafta da za su zo ranar Asabar.

"Wata shida ina shan magani, Bu Sufeto, ban tsallake rana ɗaya ba. Rabin da aka rubuta na warke, wani can ne ya ci tempe a cikinsa."

"Me kike so a yi?"

"Wanda ya fitar da ita nake so. Ba haƙuri na zo karɓa ba."

Lasmini ta hau babur ɗinta ta nufi bakin kasuwa, wurin Mbak Ponirah, wato Yaya Ponirah mai suya, inda maƙwabciyar ta sayi tempen. Ponirah ta rantse tsofaffin littattafan jikokinta kawai take yagawa. Sufeto ba ta yi musu ba. Ta sayi tempe biyu, ta zauna a benci ta ci da ɗanyen barkono, sannan ta sunkuya ta jawo wani tulin takardu daga ƙarƙashin amalanken da Ponirah ke suya a kai.

"Mbak, jikokin naki hatimin gwamnati suke bugawa a aikin gida?"

Ponirah ta sauke murya. Ta ce daga bankin shara ta samo, wato rumfar nan da matan unguwa ke kai kwalabe da takardu a auna a sikeli. Ita dai ba ta karantawa, in takarda ta riƙe mai, shi ke nan. Lasmini ta ɗaga ta farko ta ga sunan wata yarinya da awon ciki, nan take ta kife tulin, ta ɗaure, ta sa a jaka. Ba ta ƙara buɗe ko ɗaya ba.

Ofishin unguwa kuwa ya sha fenti ja da fari saboda bikin 'yancin kai, har duwatsun bakin hanya ba a bari ba. Dokar ofishin a manne take a bango: takardun lafiyar jama'a a durowar ƙarfe suke zama, mabuɗi biyu, ɗaya wurin sakatare, ɗaya wurin ma'aikaciyar lafiya. Waɗanda suka tsufa a ƙone su a gaban shaida.

Sakataren, Pak Sutikno, wato Malam Sutikno, mutum ne mai rigar batik mai zane-zane a goge da murya mai laushi. Tun kafin a tambaye shi ya zaro takardar shaida. Ranar Lahadi uku ga Agusta, ranar aikin gayya, an ƙone komai a ramin bayan ofis, ga sa hannunsa, ga na Bu Wagiyem ma'aikaciyar lafiya. Sai ya rage murya ya ce shi ba ya son zargin kowa, amma Bu Wagiyem ta fara tsufa, kuma jaka take yawo da ita gida gida.

Sufeto ta ce a nuna mata ramin.

Ta tarar da shi cike da barkono da furanni, an kewaye da tayoyi masu fenti, ga allo an rubuta an hana ƙona shara. Ta tsuguna ta tona ƙasa da hannu. Babu toka. Barkonon ma har ya nuna.

"Pak, wannan barkonon naku mai albarka ne. Kwana tara da wuta, har ya yi 'ya'ya?"

Sutikno ya yi 'yar dariya, ya ce wataƙila wani ramin ne, zai tuna.

Bu Wagiyem tana wurin awon jarirai lokacin da Sufeto ta same ta. Ta amsa cewa sa hannunta ne, amma ba ta ga wuta ba. Ranar Litinin Sutikno ya kawo mata takardar, jariri na tsala ihu a hannunta, ya ce an riga an gama, ita ake jira. Da ta ji abin da ya faɗa a kanta, ta miƙa jaririn da take aunawa ga uwarsa ta gyara ɗankwali.

"Shekara goma sha tara ina riƙe da sirrin unguwar nan, mijina ma bai san wa ke shan wane magani ba. Ki gaya masa in na tsufa, a gaban uwarsa na tsufa."

Ranar Juma'a bayan masallaci Pak Lurah ya kira zama a zauren ofis. Ya ce su duka 'yan gida ɗaya ne, a kashe maganar a cikin gida, gobe ga baƙi. An zuba shayi, an jera ayaba. Ya yi wa Tarsih alkawarin in ta janye ƙara, girkin gobe nata ne, matarsa kuma da kanta za ta bi gidajen nan uku ta gyara magana. Lasmini ta lura da hannun Tarsih yana murza bakin zane, ta san tayin ba ƙarami ba ne ga macen da tukunya ce gonarta.

Ita dai Sufeto ta tashi tana zagaya zauren. Mutanenmu na ofis, kun san su, ko tsintsiya suka ɗaga sai an ɗauki hoto don rahoto. An cika allo guda da hotuna saboda alƙalai, kowanne da kwanan wata a ƙasansa. Ta tsaya a gaban ɗaya, ta daɗe, sannan ta cire shi ta kawo tebur.

Pak Sutikno ne a bankin shara, uku ga Agusta, yana murmushi ya ɗaga babban yatsa. A kan sikeli ɗauri shida ne na fayil masu koren bango, irin na durowar ƙarfe.

"Wa ya manna wannan, Pak?"

"Ni ne."

"Waɗannan ne aka ƙone?"

Sutikno ya goge goshi, ya fara magana yana kallon ayaba. Ya ce alƙalai suna rage maki in suka ga alamar ƙuna, suna kuma ƙara wa unguwar da ta fi tara takarda. Shekara uku unguwar ƙetaren kogi na doke su. Ya ɗauka motar masana'anta za ta kwashe washegari a niƙe, bai san matan rumfar suna ba masu suya ba. Don unguwa ya yi.

"Don unguwa ka ɗora wa Bu Wagiyem?"

Sutikno ya ci gaba da kallon ayabar.

Pak Lurah ya juya wurin Tarsih, muryarsa ta koma ta roƙo. Ya ce ta ji dai, ba mugunta ba ce, kuskure ne. Ta tuna alƙalai goma sha biyu, kuma babu mai girkinta a faɗin garin.

Tarsih ta miƙe, ta dubi matan da suka taru a bakin taga suna leƙe.

"Na yi tarin fuka, na sha magani, na warke. Da bakina na faɗa yanzu, don nawa ne, ni ke da ikon faɗa. Sauran mutanen da ke cikin jakar Bu Sufeto ba su zo nan ba, ban kuma da ikon yafewa a madadinsu. Ban janye ba, Pak Lurah."

Lasmini ta gaya wa Sutikno laifinsa, fitar da bayanan jama'a da rubuta shaidar ƙarya. Ta karɓi mabuɗin durowar daga aljihunsa ta miƙa wa Pak Lurah a gaban kowa, ta ce kafin magariba tana son a bi duk masu suyar unguwar a karɓo abin da ya rage, a kife, kada wanda ya karanta.

Aka fito da Sutikno ta ƙarƙashin tutocin bikin da shi ya rataya, ya shiga bayan motar 'yan sanda yana rufe fuska da hannu.

Matar Pak Lurah ta biyo Tarsih har bakin ƙofa, tana tambaya a hankali, to gobe fa, wa zai dafa wa alƙalai?

Tarsih ta zura takalmanta ba tare da ta waiwayo ba.

"Bu Lurah, ai kina da tukunya."