Takalmin Ƙarfen Nu'uman

"Amaryarmu, miƙo mini ɗana mu kama hanya, kada mu tarar layi ya kai bakin get!"

Na'ima ce ke magana daga tsakar gida, tana warware zanin goyo. Mardiya na zaune a bakin gado, jaririn ya ƙoshi da nono ya yi lamo a kan cinyarta, ƙafafunsa biyu cikin farin filasta tun daga cinya har yatsu. Ta ɗan ƙara matse shi a ƙirjinta. Da ta ji takun surukarta Hajiya Turai, sai ta yi maza ta ajiye shi a kan katifa ta kau da kai, kamar ba ita ta haife shi ba.

Haka aka raine ta. Mardiya Bafulatana ce ta Dukawuya, a hannun kakarta ta tashi, kuma a gidansu mace ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban manya, ba ta yi masa wasa, ba ta fita da shi a bayanta mutane na kallo. Wannan kunyar ta zo da ita gidan mijinta Muttaka a Mandawari, mutanen gidan kuwa suna yaba ta a kai.

To, sai Allah ya ba ta Nu'uman, ƙafafunsa a lanƙwashe ciki, tafin kowace na kallon 'yar'uwarta. Likita ya ce za su miƙe idan an daure: filasta kowace Talata, sai ƙaramar tiyata a agara, sai kuma takalmi na musamman. Da yake Mardiya na jego ga kuma kunya, Hajiya Turai ta ce Na'ima ta riƙa raka Muttaka asibiti. Na'ima 'yar ƙanin Hajiya ce, a gidan ta tashi, tana karatun jinya. Taubashiyar Muttaka ce, har dangi sun taɓa son haɗa su aure, kafin wata rana Mardiya ta kai rinin zanen kakarta karofin Ƙofar Mata inda yake aiki, ya gan ta ya ce shi kam ya gama zaɓe.

Muttaka ya leƙo yana gyara hula da hannuwansa da baba ya rine shuɗi. "Na'ima, wannan sauri haka kamar mai zuwa gidan miji?"

"To ai kai ne mijin, ka ƙi ni ka ɗauko farar Bafulatana. Mu je, tsohon ango, ba ni da taim!"

Suka yi dariya, Hajiya ma ta yi. Na'ima ta shigo ta sunkuci yaron ta saɓa a baya. Mardiya ta bi su da kallo ta bayan labule: namiji a gaba, mace a baya da goyo. Duk wanda ya gan su a lungu me zai ce?

Da azahar za su dawo suna hirar da ba ta da baki a ciki. Yau nas ta ce ƙafar dama ta fi saurin juyowa, yau ya yi wa mai filasta fitsari a riga. Idan ta keɓe da mijinta ta ce, "Malam, yaya aka yi?" sai ya ce, "Lafiya lau, Na'ima ta fi ni gane bayanin." Kowace Talata sai wani abu ya tokare mata ƙirji, ta haɗiye shi da kunun kanwa.

Ranar tiyata Hajiya ta ce dole Mardiya ta bi su, don za a buƙaci nono da an gama. Ta zauna a ƙarshen benci ta dunƙule cikin hijabi. Can wata nas ta leƙo da kati a hannu.

"Maman Nu'uman!"

Kafin Mardiya ta motsa, Na'ima ta miƙe ta ce, "Na'am!" Muttaka ya bi ta, ƙofa ta rufe. Ba a jima ba kukan yaron ya tsaga wurin, irin kukan da ba ta taɓa jin ya yi ba. Nononta ya tsatso ya jiƙa riga, ita kuwa tana zaune a waje kamar 'yar rakiya. Da aka fito da shi aka ɗora mata, nas ta dube ta ta dubi Na'ima.

"Au! Ke ce uwar? Wallahi duk makonnin nan na ɗauka wannan ce matarsa."

Na'ima ta ƙyalƙyale da dariya. "Sista, ki faɗa masa da kyau, ya ji!"

Mardiya ta sunkuyar da kai, hawayenta na ɗiga a kan sabon filastan.

Bayan mako uku aka cire filasta. Da Muttaka ya ce ta shirya su je tare a koya musu sa takalmi, ta ce kanta na ciwo. "Ku je da maman tasa." Bai kama zancen ba, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Suka dawo da wasu 'yan takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe. Na'ima ta zauna a kan tabarma tana nunawa.

"Kin ga, Amaryarmu, safa tukuna. Sai ki danna dunduniya ta zauna ƙasa sosai, ki leƙa ta wannan 'yar hudar ki tabbata. Maɗaurin tsakiya ake fara ja. Wata uku ba a cirewa sai awa ɗaya ta wanka. In aka yi wasa ƙafar komawa take yi."

"Na ji," in ji Mardiya, idonta na kan bango.

Yaron ya ƙi takalmin. Idan ya so harba ƙafa ɗaya sai ɗayar ta biyo, ya yi ta tsala ihu. A rana ta uku, bayan Muttaka ya tafi karofi, Na'ima ta tafi makaranta, Hajiya ta shiga maƙwabta barka, Mardiya ta tura ƙofa ta sa sakata. Ta kwance maɗauran ɗaya bayan ɗaya. Nu'uman ya yi shiru. Ya ɗaga ƙafa, ya harba, ya dubi fuskarta, sai ya wangale baki ya yi mata dariya.

Ita ya yi wa. Babu Na'ima a wurin, babu kowa.

Ta kama 'yan ƙafafun ta sa a kumatunta tana kuka tana dariya. A ranta ta ce, ita ta ɗaure ka, ni in kwance ka, mu ga wadda za ka fi so.

Ranar ta ce awa ɗaya kawai. Kashegari ya kai azahar. Daga nan ya zama kullum, daga hantsi har kiran la'asar, sannan ta mayar da takalmin sako-sako don kada ya yi kuka. Yaron kuwa ya saba, da ya gan ta sai ya fara zillo yana miƙo hannu. Idan Na'ima ta matso da safa sai ya ɓare baki. Mardiya ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba.

Sau ɗaya Na'ima ta tsaya tana duban maɗaurin, ta ce, "Amaryarmu, na ga kamar ba a hudar da na yi wa alama da biro yake ba."

"Ni na haife shi ko ke?"

Na'ima ta dube ta, ta ce, "Sori," ta fita.

Bayan mako biyar aka koma ganin likita. Tun daga zaure Mardiya ta ji muryar Muttaka, shi da ba a jin faɗansa.

"Hajiya, ƙafar hagu ta fara komawa! Likita ya ce ba a sa masa takalmin yadda ya kamata, sai an sake filasta, in ba a ci sa'a ba har da wata tiyatar. A gaban mutane ya wanke mu tas! Ke Na'ima, ba ke aka koya wa ba? Ba ke ce mai karatun asibitin ba?"

Hajiya Turai ta ajiye carbi. "Yarinyar nan, amana na ba ki. Kin biye wa waya da surutu za ki nakasa mini jika? Tattara kayanki ki koma gidan ubanki, ba zan iya ba!"

Mardiya na tsaye a bayan labule. Ga abin da ta daɗe tana roƙo ya zo har gida. In ta yi shiru kawai, gobe war haka babu Na'ima, babu tsohon ango, babu mai amsa sunanta a asibiti. Ta leƙa. Na'ima ta kwance goyon a hankali, ta ɗago ido suka haɗa da nata, sannan ta sunkuyar.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo," in ji Na'ima. "Laifina ne, ban kula ba."

Ta shimfiɗa yaron a tabarma. A nan Mardiya ta ga ƙafar da idonta, tsirara cikin hasken rana, yatsun sun fara leƙa ciki kamar ranar da aka haife shi. Wannan aikin hannunta ne. Ba ta san lokacin da ta banko labule ta zube a gaban surukarta ba.

"Hajiya, ba ita ba ce! Ni ce! Ni nake cire masa kullum in kun fita!"



"Ke?" in ji Muttaka. "Don me?"

Mardiya ta fashe da kuka. Ta rarrafa ta ɗauki yaron a gaban kowa, ta rungume shi. Muttaka ya juya ya fice, ko takalminsa bai sa daidai ba.

Kwana biyu ba ya ce mata komai sai amsa gaisuwa. A rana ta uku da yamma ya shigo ya zauna nesa da ita.

"Mardiya, tambaya ɗaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Ƙyamar yaron nan kike yi saboda ƙafarsa?"

Ta zaro ido. "Ƙyama? Malam, ni?"

"To me zan ce? Tun da aka haife shi ban taɓa ganin kin yi masa wasa ba. In na shigo ki ajiye shi. Na ce mu je asibiti kin ce ciwon kai. Na san ku da kunya, amma na ce a raina wannan ta wuce kunya, ba ta son a gan ta da gurgu ne. Shi ya sa na daina matsa miki, nake jan Na'ima."

"Ni kuma ina bayan labule ina ganin ka fita da ita kamar matarka!" "Aka kira uwarsa ta amsa, kana tsaye ba ka ce komai ba. Aka yanka ɗana ina waje. Ita ta san ƙafarsa, ita ta san likitansa, ita kake tambaya. Ni nono kawai. Sai da na cire takalmin nan ya taɓa yi mini dariya, Malam. Na san ba daidai ba ne, wallahi na sani, na kasa bari ne."

Muttaka ya taso ya dawo kusa da ita.

"Ashe kishi kike, ni ina can ina zargin ki da abin da ya fi muni. Da kin faɗa."

"Da ka tambaya."

Hajiya Turai, wadda ta ji komai daga bakin murhu, ta yi gyaran murya. "To na ji ku. Mardiya, daga yau na yafe miki kunyata a kan yaron nan. Kakarki in ta zo ni zan yi mata bayani. Tashi ki ba 'yar'uwarki haƙuri, ni na riga na ba ta nawa."

Mardiya ta samu Na'ima a ɗaki tana guga. Ta durƙusa, Na'ima ta yi tsalle ta ɗaga ta.

"Haba dai! Ni ma da laifina, bakina ba shi da birki. Kuma wallahi ko kyauta aka ba ni mijin nan naki ba na so, mutum kullum hannu kamar ya shaƙe aljani!"

Dariya ta kuɓuce wa Mardiya cikin hawaye. "To ki koya mini takalmin. Wancan karon ban saurara ba."

Talatar da ta biyo, ita ta goya ɗanta ta ratsa lungun Mandawari. Matan da ke bakin famfo suka taɓa juna, wata ta ce, "Yau kuma Fulani an ajiye kunya?" Ta ji su, amma ba ta juya ba. Ita ta riƙe cinyarsa aka naɗa filasta, sau uku a mako uku, Allah ya taimaka ba a sake tiyata ba. Da aka koma takalmi, ita ke danna dunduniya ta ja maɗauri yana ihu yana ture hannunta. Kwanaki da yawa ya daina yi mata dariya. Ta kan gama ɗaurewa ta shiga bayan gida ta share ido, ta dawo ta ɗauke shi.

Wata rana da la'asar, yana da shekara ɗaya da wata huɗu, lokacin takalmin ya koma na barci kawai, Nu'uman ya saki gefen turmi ya tsaya shi kaɗai. Muttaka ya daskare da buta a hannu. Mardiya ta durƙusa ta buɗe hannuwa. Yaron ya ɗaga ƙafa, ɗaya, biyu, uku, ya wuce ta gefenta ya faɗa jikin Na'ima, wadda ke cin awara a bakin ƙofa.

"Kun gani ko!" in ji Na'ima. "Ɗa ya san uwarsa!"

Tsohon abin nan ya ɗan soki Mardiya a ƙirji, ba za a ce bai soka ba. Amma sai idonta ya sauka a ƙasa, inda ruwan alwala ya jiƙa, ta ga sawunsa guda uku, kowanne tafi a shimfiɗe, yatsu na kallon gaba. Ta ce, "Alhamdulillahi. Ya je wurin duk wanda ya ga dama, tunda da ƙafarsa ya je."

Kunya ado ce ga mace, amma idan ta hana miji da mata faɗa wa juna abin da ke ransu, zargi da kishi ne ke shiga tsakani, wanda bai san komai ba shi ke shan wahalar. Uwa kuma ba a gane ta da yawan dariyar da ɗa ya yi mata. Mardiya ta ɗaure ɗanta yana kuka, ta haƙura, ga shi yau Nu'uman yana aji uku, Hajiya Turai kullum cikin faɗa take wai ƙwallonsa ya fasa mata randa.