Katin Yaya

Ana gab da magariba Manaja ya leƙo ofishina, ya ce katin netwok na kwamfutarsa ya ƙone, in sauka ɗakin ƙasa in ciro masa na marigayi. Marigayi. Haka ya ce, kamar bai san uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya ba.

Katin nan ɗan koren allo ne a cikin kwamfuta, da 'yar kafa a baya inda wayar netwok take shiga. Kowane kati da lambarsa tun daga masana'anta, kuma netwok ɗin ofishinmu ba ya buɗe wa baƙuwar lamba ƙofa. In an sayo sabo, sai an jira ɗan kamfani ya zo ya yi masa rajista. Na Yaya kuwa sananne ne, don shekara da shekaru ya yi a ɗakin nan shi kaɗai yana shigar da bayanai. Duk sanda ya nemi hutu, Manaja ya ce sai ya gama. A kan kujera ciwon ƙirji ya ƙarasa shi. Da Umma ta zo tana kuka, abin da Manaja ya iya ce mata shi ne, “Aiki ne, Mama, sai haƙuri.”

Na so in ƙi, raina yana tafasa. Amma 'ya'yan Yaya a hannuna suke, Manaja kuma korar mutum ba ta yi masa wuya. Na ɗauki sukudireba na sauka.

Tun rasuwar aka yanke wutar ɗakin. Na tura ƙofa da hasken wayata. Warin ƙura ya tare ni, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani da na sani, man zafin da Yaya yake shafa wa ƙirjinsa.

Na durƙusa bayan tebur. A nan na ga 'yar fitilar katin, koriya, tana ƙiftawa.

Ba wuta a ɗakin. Kuma fitilar nan ba ta ƙiftawa sai kati yana magana da wani. Na bi wayar da hannu don in ga inda ta nufa. Ƙarshenta yana yashe a ƙasa, ɓeraye sun cinye kan.

Na kwance murfi. Cikin kwamfutar da ɗumi.

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

A saman kaina ake danna madannai.

Sai tari. Busasshe, gajere, irin nasa.

“Auta,” aka ce a hankali.

Wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan na sani. Amma ashe Yaya ba shi kaɗai ba ne a ɗakin nan. Wani abu ya zauna da shi tsawon shekarun, ya haddace muryarsa har da tarin.

“Ban gama ba, Auta. Zauna ka kama min.”

Kujerar ta gangaro da kanta ta tokare min baya.

“Kaɗan ya rage.”

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, na ji ina so in zauna. Yatsuna sun fara motsi su kaɗai.

Wayar netwok ɗin ta naɗe min idon sawu. Sanyi ƙalau.

Na nemi tsarin Allah da ƙarfi, na damƙi katin, na fizge.

Ya ƙone min tafin hannu. Ɗakin ya ɗauki wani dogon nishi. Na shure wayar, na bar takalmi ɗaya, na hau matakala da rarrafe, ƙofar ta bugu a bayana.

Manaja ya dubi ƙafata, ya dubi hannuna. Bai tambayi abin da ya same ni ba.

“Ka samo?”

“Ranka ya daɗe, katin nan kada a sa shi. Akwai abu a jikinsa.”

“Kai dai da lalaci, kamar yayanka. Sa min.”

Na tsaya ina kallonsa. Sannan na sa masa, na ɗaure sukurori tam. Wayar na shiga, netwok ya gane lambar, ya buɗe.

Tun daga ranar Manaja ba ya fita cin abinci. Ya daina faɗa, ya daina kora. Muna tashi mu bar shi yana danne-danne, mu dawo da safe mu tarar da shi. Ya rame, ofishinsa yana warin man zafi. In an yi masa magana sai ya ce kaɗan ya rage.

Jiya matarsa ta tare ni a bakin matakala, ido jawur.

“Don Allah, malam, kai ne mai gyara. Me ke cikin kwamfutar nan da ya hana shi zuwa gida?”

Na dubi tabon da ke tafina, sannan na dube ta. Wallahi na nemi tausayi a zuciyata, ban samu ba.

“Aiki ne,” na ce mata. “Sai haƙuri.”