Rigunan Mayu Uku

Manasseh, malamin adabin Turanci a wata sakandare a Birnin Gwari, ya shiga shagon ɗinkin Rosaline da baƙin yadi a hammata.

"Riguna uku nake so, na mayu."

Ta tsayar da keken, ta dube shi. "Mayu kuma, Malam?"

Ya yi murmushi, ya ce ɗalibansa ne za su yi wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila, inda mayu suka gaya wa wani jarumi zai yi sarauta, ya kashe sarkinsa, shi ma ya halaka.

Cikin kwana huɗu ta gama ɗinkin, amma Malam bai daina zuwa ba. Bayan wata biyu ya turo mata saƙo: "Rosa tawa, in kin amince, zan tura manyana garinku Randagi."

Ta amsa: "Na amince, Malamina. Sai dai ka san halin Baba."

Noah, wani mai shagon magani da ya daɗe yana nemanta, ya riga manyan isa. Ya shaida wa mahaifinta, Baba Wakili, dattijon coci, cewa maita malamin yake koya wa yara, har Rosaline ce ta ɗinka musu kaya.

Baba Wakili ya sallami masu neman auren. Kwana biyu Rosaline ba ta buɗe shago ba. A na uku ta hau babur ta bi hanyar daji zuwa gida.

"Baba, ka zo ka ga wasan da idonka. In ka ga maita, na haƙura da shi."

Ranar wasan ya zauna a sahun gaba, ko tafi bai yi ba. Da aka tashi ya kira Manasseh.

"Mayun nan ne suka kashe sarkin?"

"A'a, Baba. Magana kawai suka yi masa. Shi ya ɗauki wuƙa da hannunsa, don dama abin yana ransa."

Dattijon ya ce:

"Ni ma magana aka kawo mini, na kuwa hau kai na zauna. Ka ce wa manyanka su dawo ranar Asabar."

Bayan girbi aka ɗaura auren a cocinsu na Randagi. Baba Wakili ya ɗora hannu a kawunansu.

"Ubangiji ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana. Duk abin da aka gaya muku, ku fara tambayar junanku."

Jama'a suka ce amin.