Amarya a Gaban Kwamiti

"Goggo! Goggo, zo ki gani kafin in cire!"

Ƙarama ce ke juyi a tsakiyar ɗaki cikin rigar aurenta da ta ɗinka da kanta, hannun rigar ɗaya an haɗa, ɗayan kuma allurai ne suka riƙe shi. Keken ɗinki na gindin taga, guntayen yadi sun cika ƙasa, rediyo na ta surutunsa a kan kabad.

Goggo ta shigo tana goge hannu a zani. "Wannan ihun fa? Na ɗauka allura ce ta shige miki ido." Sai ta tsaya cak, ta riƙe haɓa. "Kai, tabarkalla! Wallahi ranar nan sai an riƙe angon naki Injiniya, in ba haka ba ƙasa zai zube."

"Goggo, ke ma dai!" Ƙarama ta rufe fuska tana dariya.

Ba Goggo ce ta haife ta ba. Goggo mai dafa abinci ce a gidan renon yara na gwamnati, inda aka kai Ƙarama tana rarrafe bayan iyayenta sun rasu a hatsarin mota. Ita ce mafi ƙanƙanta a ɗakinsu, shi ya sa sunan ya bi ta. Da Goggo ta yi ritaya ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka ba ta yarinyar. Amma Ƙarama ba ta fito daga gidan da lafiyarta cikakka ba. Ciwon kunne ya kama ta tana ƙarama, ya yi wata da watanni yana ruwa, likita bai taɓa leƙowa ba, har kunnen hagun ya mutu.

Suna cikin dariyar ne muryar mai karanta labarai ta canza. Ya ce an kwantar da yara da dama daga gidan renon gwamnati a asibiti, don haka an kafa kwamitin bincike, kuma ana kiran duk wanda ya taɓa zama ko aiki a gidan ya zo ya faɗi abin da ya sani a bainar jama'a.

Ƙarama ta daka tsalle har allura ta soke ta. "Goggo, kin ji? Za su saurare mu! Wallahi da ni za a yi!"

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta rage rediyon. "'Yar nan, wa ke riƙe da sashen kula da yara a ma'aikatar?"

Ƙarama ta san amsar. Darakta ne, mahaifin Injiniya. Tun tana gidan shi ne jami'in da ke duba gidajen yara, yanzu kuma shi ne babba a sashen gaba ɗaya. Mutumin da ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya ce maraici ba laifi ba ne.

Da la'asar Injiniya ya iso, hularsa ta aiki a hannu, takalminsa duk siminti. Kamar kullum ya zauna ta gefenta na dama a kan bencin ƙofar gida. Tun kafin ya yi magana ta san ya ji labarin.

"Zan je," ta ce.

"Filis, Ƙarama. Ki bari a ɗaura tukuna."

"Kwamitin zai jira bikinmu ne?"

"Akwai wasu da yawa da za su yi magana. Dole sai ke? Kin san Abba bai taɓa dukan yaron kowa ba."

"Ban ce ya daki kowa ba. Cewa na yi na kwana ina kuka da kunne, Goggo ta kai ƙara har ta gaji, ba wanda ya zo. Yanzu ga wasu yaran a asibiti. In na yi shiru, me zan ce musu?"

"Ni kuma me zan ce wa Mama?" Muryarsa ta ɗaga. "Wai ke siriyos kike? Mahaifina fa!"

"Ni kuma kunnena fa!"

Ya miƙe ya buga hular a cinyarsa, ya shiga mota ba sallama.

Washegari Hajiya, mahaifiyarsa, ta aiko a kira ta. Falon ya sha labule mai nauyi, hotunan Darakta yana karɓar lambar yabo sun jeru a bango. Ƙarama ta durƙusa ta gaishe ta. Hajiya ba ta ce ta tashi ba.

"Ashe haka kike? Mun rufe ido mun karɓe ki, ba mu tambayi dangin uwa ba, ba mu tambayi na uba ba. Sakayyar ke nan? Ki shiga gaban 'yan jarida ki tozarta uban mijinki?"

"Mama, wallahi ba tozarci na nufa ba. Abin da ya same ni kawai zan faɗa."

"Kada ki ƙara ce mini Mama sai kin zaɓa. Ko kwamiti, ko ɗana. Ba za ki haɗa biyun ba."

Hawaye suka zubo wa Ƙarama, amma ta ɗago kai. "Hajiya, ina son ɗanki, Allah Ya sani. Amma in na shigo gidan nan da wannan maganar a cikina, kullum na gaishe da Abba sai na ji ina yi masa ƙarya."

"To tashi ki ba ni wuri!"

Aka ɗaga biki. Masu kawo ɗinki suka riƙa yi mata kallon tausayi, wasu kuma suna fita suna ƙus-ƙus. Wata maƙwabciya har cewa ta yi, "Ke kuwa wace irin wauta ce, ki samu gidan hutu ki shure da ƙafa?" Wayar Injiniya ta daina shigowa. Ƙarama ta ninke rigar ta tura ƙasan akwati. In ta zauna a keke sai ta ga layin ɗinkin ya karkace saboda hawaye, ta warware ta sake.

"Goggo, ko dai na yi kuskure ne?"

"Kin zagi wani?"

"A'a."

"Kin yi ƙarya?"

"A'a."

"To ki yi haƙuri ki ci abinci. In yaron nan naki ne zai dawo da ƙafarsa. Kuma ki sani, tare za mu je. Ni ma bakina cike yake da magana."

Ranar zaman kwamiti zauren ya cika maƙil tun da hantsi. Ga 'yan jarida da kyamarori, ga tsofaffin ma'aikatan gidan, ga samari da 'yan matan da suka tashi tare da Ƙarama. "Ƙarama! Ke ce kika zama haka?" Aka yi ta rungumar juna ana ihu, har ɗan sanda ya ce a rage murya. Wani irin daɗi na ratsa Ƙarama. Ba ta taɓa ganin 'yan ɗakinsu sun cika wuri ana jiran su yi magana ba.

Tana shirin shiga wani ya tare ta a baranda. Injiniya ne, ya rame, idonsa ja.

"In ka zo hana ni ne…"

"Ba hana ki na zo ba. Na je gidan renon, Ƙarama. Na ce bari in gani da idona, don in zo in nuna miki kin zuzuta abin. Rufin ɗakin kwanansu ni da nake aikin gini ba zan bar buhun siminti a ƙarƙashinsa ba. Ma'aikaciya ɗaya ce da yara cike da ɗaki. Wata 'yar mitsitsiya ta kama yatsana ta ƙi saki, jikinta zafi rau. Na koma na ɗauko Abba a mota, ban gaya masa inda za mu ba. Bai ce mini uffan ba har muka dawo gida. Ban san me zai yi yau ba. Amma ni a bayanki zan zauna. Sori, Ƙarama. Na yi miki laifi."

Ta so ta yi fushi, ta tara maganganun da za ta gasa masa, amma duk suka gudu. "Ka makara," ta ce, tana share ido tana murmushi. "Wuce mu shiga."

Shugabar kwamitin tsohuwar alƙaliya ce mai farin gilashi. Da aka kira Ƙarama ta zauna gaban makirufo. Can gefe ga Darakta, kansa a sunkuye, lauyan ma'aikata na kusa da shi.

Ta faɗi komai dalla-dalla, ba ta ƙara gishiri ba. Ta ce ranar da za a yi baƙi kaɗai ake fito da sababbin zannuwan gado, baƙi na tafiya a kwashe. Ta ce ta san fuskar jami'in dubawa, domin yakan tsaya a ofishin shugaban gida ya sha shayi ya tafi, bai taɓa ƙarasowa ɗakinsu ba.

Lauya ya miƙe ya yi tambaya ƙasa-ƙasa daga hagunta. Ba ta ji ba. Ya maimaita, da alamar ƙosawa.

"Ranka ya daɗe, yi haƙuri ka zagayo ta dama," ta ce. "Wannan kunnen a gidanku na bar shi."

Lauyan ya duba takardunsa, ya ce ba shi da sauran tambaya.

Goggo ta yi nata bayanin, har sai da shugaba ta ce, "Baba, a taƙaita." Goggo ta ce, "Ranki ya daɗe, shekara da shekaru nake jira, ki bar ni in huce!" Zauren ya fashe da dariya, ita ma shugabar ta murmusa.

Sai aka kira Darakta. Lauya ya tura masa jawabin da aka shirya, wanda ke cewa ƙarancin kasafi ne ya jawo komai. Darakta ya kalli takardar, ya ture ta gefe. Lauyan ya ja masa riga, Darakta ya fizge.

"Ƙarancin kasafi gaskiya ne," ya ce. "Amma ba kasafi ne ya hana ni taka ƙafa daga ofis zuwa ɗakin yara ba. Ƙorafi ya zo tebur ɗina, na ce a duba, ban bi sawu ba. Na sama da ni sun sani, ni ma na sani, muka yi ta tura wa juna. Yaran nan amanar gwamnati ne, kuma ni ne idon gwamnati a kansu. Jami'in da yarinyar nan ta ce yana shan shayi ya tafi, ni ne." Ya juyo ya dube ta. "'Yata, ki yafe mini."

Wuri ya kaure. 'Yan jarida suka yi ta turereniya, 'yan ɗakinsu na tafi suna kuka. Ƙarama ta kifa kai a kafaɗar Goggo, Injiniya kuma ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

Abin bai zo da sauƙi ba. Darakta ya sauka daga kujerarsa, aka dakatar da wasu manya a ma'aikatar. Rahoton kwamiti ya tilasta wa gwamnati ta fito ta nemi gafarar yaran a fili, ta ɗauki nauyin jinyar waɗanda suka cutu, ta sa likita na dindindin a gidan, sannan masu dubawa su riƙa zuwa ba sanarwa, su kuma yi magana da yaran su kaɗai. Wasu abubuwan an yi su nan take, wasu sai da aka yi ta bibiya.

Hajiya kuwa ta ɗauki gaba. Ta ce yarinyar da ta raba mijinta da aiki ba za ta taka mata gida ba. Injiniya ya ce shi fa zai yi aurensa ko an so ko an ƙi.

"A'a," in ji Ƙarama. "Ban yi rashin kunya a gaban kwamiti ba, ba zan yi wa mahaifiyarka ba. Mu jira ta."

Suka jira. Duk ƙarshen mako Ƙarama takan je gaisuwa, Hajiya ta amsa da ƙyar tana kallon talabijin. Wata rana ta tarar da Hajiya kwance da zazzaɓi, 'yar aiki ba ta nan. Ta ajiye jaka ta dafa ruwan zafi, ta gyara ɗaki, ta zauna tana yi mata fifita har zazzaɓin ya sauka. Hajiya ta daɗe tana kallon silin.

"Mutumin nan," ta ce a hankali, "tun da ya bar ofis yake barci kamar jariri. Da kuwa sai ya sha magani. Jiya ma gidan yaran ya wuni, wai yana duba aikin rufi." Ta juyo. "Ke ba kya gajiya ne? Na kore ki, na share ki, kina ta dawowa."

"Hajiya, ai ba ni da wata uwar miji sai ke."

"Wace Hajiya kuma? Ce mini Mama, ja'ira!"

Ƙarama ta fita da gudu har ta manta jakarta, ta faɗa gida tana haki. "Goggo! Ta sauko! Wallahi ta sauko!" Goggo ta saki ludayi ta kama rawa a tsakar gida, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya.

An yi bikin da yaran gidan reno a sahun gaba, sun cika wurin da tsalle-tsalle. Darakta, wanda har yanzu kowa ke kiransa da sunan duk da babu kujerar, shi ya riƙa raba musu abinci da hannunsa, yana tambayar kowanne sunansa.

Wanda aka damƙa wa amanar yara, gwamnati ce ko mutum ɗaya, ya sani ranar tambaya na nan tafe, kuma amsa laifi da gyarawa ya fi masa mutunci a kan ɓoyewa. Mai gaskiya kuma ya faɗe ta da ladabi, ya yi haƙuri da fushin da za ta jawo masa. Ƙarama ta yi haka, ta samu mijinta, ta samu uwa da uba, yaran da ta bari a baya kuma suka samu mai duba su.