Tayoyin da Aka Sauya a Gindin Tudu

Ranar Lahadi da hantsi aka sanar da Sufeto Lieven Verhaeghe cewa wani ɗan keke ya faɗi a gindin tudu, bayan garin Oudenaarde, kuma rai ya yi halinsa.

Kafin ya isa, motar asibiti ta ɗauke gawar. Mamacin shi ne Achiel Depoorter, dattijon da ya shekara arba'in yana fita da ƙungiyar 'yan keken ƙauyensu kowace Lahadi. Abokansa na tsaye cirko-cirko cikin jajayen rigunansu, kowa na ambaton suna ɗaya.

"Staf ne, Sufeto," in ji wani. "Manomin nan. Kullum taraktarsa na zubar mana da taɓo a hanya, in mun yi magana ya ce zai bi ta kanmu."

"Akwai wanda ya gani?"

Babu. Duk sun yi gaba, Achiel ne a baya. Mutum ɗaya ne ke bayansa: Remi Vandaele, mai gyaran keke, wanda ciwon gwiwa ya hana hawa, don haka yake bin su a motar ƙungiya da kayan gyara. Shi ne ya buga wa asibiti waya.

"Baba Remi, me ka gani?"

"Na sha kwana ke nan na tarar da shi a ƙasa. Tarakta ta riga ta wuce."

"Kai ke gyara masa keke?"

"Ni ne. Amma rabona da taɓa shi tun bazara."

Sufeto ya tsuguna gaban keken. Tsohon ƙirar ƙarfe ne, shuɗi, irin wanda masu keken zamani marar nauyi ke yi wa dariya. Shi ma Sufeto mahayin keke ne, ya san abin da yake kallo. Jikin keken ya yi kaca-kaca da taɓo, amma siraran tayoyinsa tas suke. Ya bi sawun da ya sauka daga kan duwatsun da aka daɓe hanyar da su zuwa ramin gefe. Faɗinsa ya fi babban yatsansa. Siririyar taya ba ta barin irin wannan sawu.

Ya miƙe. Ya nufi gonar Staf.

"Ban leƙa waje ba yau," in ji manomin, yana goge hannu a wando.

"Injin taraktarka da ɗumi, Staf."

Mutumin ya zauna a kan buhun dankali.

"To, na fita. Amma wallahi ban taɓa shi ba. Na san ni za a ce. Mun sha zage-zage da Achiel, amma ajinmu ɗaya a firamare, Sufeto."

"Me ka gani?"

"Daga can saman gona na hango motar ƙungiya a tsaye, bayanta a buɗe. Remi yana durƙushe."

"A kan mutumin?"

Staf ya ɗan yi tunani. "A'a. A kan keken."

Matar Achiel, Godelieve, ta karɓi Sufeto a kicin ɗin gidanta. Kofi biyu na kan tebur, ɗaya ba a shanye ba. Sufeto ya yi mata ta'aziyya, ya bari ta fara magana da kanta.

"Achiel ya ce wannan shekarar ce ta ƙarshe da zai hau keke. Hannuwansa ba sa jure girgizar duwatsun nan. In ya dawo, ko cokali ba ya iya riƙewa. Yara sun ce za su saya masa keke na zamani, mai birkin faifai da manyan tayoyi. Ya ce shi da ƙarfensa sai kabari."

"Yau da safe yaya ya fita?"

"Cikin dariya. Remi ne ya zo da sassafe da sababbin ƙafafun keke, ya sa masa a nan tsakar gida. Achiel yana ta tsokanarsa, wai 'tsohon banza, tayar tarakta ka kawo mini?' Shi kuma yana cewa, 'hau ka ji, gurgu, kamar katifa.' Suna ta surutu har kofinsa ya huce."

Sufeto ya dubi kofin. Ya so a ce bai ji wannan ba.

Shagon Remi a rufe yake, amma ƙofar baya na buɗe. Dattijon na zaune a kan benci, bai kunna fitila ba. A bayan tulin tsofaffin tayoyi Sufeto ya zaro ƙafafun keke biyu masu faɗin taya. Taɓon jikinsu bai bushe ba, ta gaba kuma ta lanƙwashe.

"Na wani kwastoma ne," in ji Remi, ba tare da ya ɗago ba.

"Baba Remi, Godelieve ta ga lokacin da ka sa su."

Remi ya ɗago ya dubi ƙafafun keken.

Sufeto ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. "Taya mai faɗi ba laifi ba ce. Ni ma ita nake hawa, ta fi daɗi a kan dutse, ba ta kuma rage gudu. Abin da na kasa ganewa shi ne dalilin da zai sa mutum ya ɓoye ta. Sai na tuna irin birkin tsohon keke. Babbar taya ba ta wucewa tsakanin robobinsa sai an ɗaga ɗan makullin nan na gefe, birkin ya buɗe baki. In an gama kuma a mayar."

Remi ya sunkuyar da kai.

"Na mayar da na baya," ya ce a hankali. "Na gaba ne na manta. Yana tsokanata, na miƙe in rama, shi ke nan. Ni da nake koya wa mutane su duba wannan makullin kafin su hau."

"Bai lura ba a hanya?"

"Shimfiɗaɗɗiyar hanya ce har zuwa tudun, na baya ya ishe shi. A gangaren ne ya nemi na gaba. Ina bayansa, ina kallo. Ya matse har hannun birkin ya taɓa kan keken. Bai tsaya ba."

"Da ka sauko daga mota fa?"

Remi ya rufe fuska da tafukansa.

"Yana numfashi. Idonsa a buɗe. Na ga makullin a ɗage, sai kaina ya ɗauke. Tsofaffin ƙafafunsa na cikin mota, na taho da su ko da sababbin ba su yi masa ba. Hannuwan nan sun saba sauya ƙafa a tsakiyar tsere, ban ma san sun fara ba. Sai da na gama, na rufe makullin, sannan na ɗauki waya."

"Sannan ka ambaci tarakta."

"Na ambata." Ya share ido. "So nake ya ƙara shekara ɗaya kawai, Sufeto. In ya daina fita, wa zan bi a baya ranar Lahadi? Ka gaya mini, da na fara kiran asibiti, da ya rayu?"

"Ban sani ba, Baba. Likita ma ya ce ba zai iya rantsewa ba."

"Gara a ce mini e ko a'a."

"Na sani."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya ɗauko wa dattijon rigar sanyinsa daga jikin ƙusa, ya taimaka masa ya sa, ya ɗauki ƙafafun keken biyu a hannu ɗaya. A bakin ƙofa Remi ya tsaya.

"Mu bi ta gidan Staf tukuna, in ba shi haƙuri."

"Za mu bi."

"Godelieve fa?"

"Ni zan gaya mata."

Remi ya girgiza kai. "A tsakar gidanta na yi. Ni zan faɗa."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar gaba ta motarsa, ba ta baya ba.