Tukunyar da Ta Yi Tumbi

Da hantsi aka tarar da babbar tukunyar tururi ta masana'antar sabulu ta tsage a gefe, tana huci kamar kububuwa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ƙone. Manaja ya rantse zagon ƙasa ne, kuma kafin azahar an tsare mai waldar da ya yi mata gyara bara. Kowa ya gamsu, don an daɗe ana cewa in ƙarfe ya tsage, laifin walda ne.

Yayar mai walda ba ta gamsu ba. Tsohuwar injiniya ce, kuma duk maganar da ta fara da "an ce" ba ta shiga kunnenta. Ta iso masana'antar tana dogara sanda.

"Malama, kin san doka," in ji Sifeton 'yan sanda, wanda ta taɓa koya wa lissafi.

"Na san ka tun kana kuka ranar jarrabawa. Matsa."

Ƙanenta na zaune kan benci, furfura fal kai.

"Auta, ka ci abinci?"

"Yaya, gidan yari ake zance."

"In ka yi aikin banza, ni zan raka ka."

Ta duba tsagewar. Tsakaninta da waldar akwai taƙi guda. Ta ari igiya ta auna tukunyar sama da ƙasa, sannan tsakiya. A tsakiya, igiyar ta kasa haɗuwa. Fentin wurin duk ya dare kamar busasshen taɓo.

Sifeto ya kira mai kula da wuta.

"Ka taɓa barin tururi ya wuce iyaka?"

"Ranka ya daɗe, ga bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa. Hatiminsa ko ƙwarzane babu."

Gaskiya ya faɗa.

"Ɗana, yaya kuke sanyaya ta?" in ji tsohuwar.

"A ƙa'ida barinta ake ta huce da kanta, Mama. Amma bana in na kashe wuta na je cin abinci, kafin in dawo ta yi sanyi, sai mu sake ɗora wani zubin. Manaja ya ce sabon fentin ne mai shan zafi."

"Fenti! Allah ya ba mu irinsa a ɗakin kwana."

Ta zaga baya. Famfuna a jere duk sun yi tsatsa, ban da na ruwan sanyi, wanda hannunsa ke sheƙi, da kwaɗo a jiki.

"Wa ke riƙe da makullin?" in ji Sifeto.

Idanu suka koma kan Manaja.

"Tukunyar nan ta ci gwaji!" in ji shi. "Ba ta taɓa wuce ƙarfinta ba. Ɗan ruwa ne kawai, don aiki ya yi sauri."

"Sau ɗaya aka gwada ta, kai kuwa kullum," in ji ta. "Sabuwar tukunya kamar sabon takalmi ce, takan ɗan buɗe da farko, sannan ta zauna. Amma in ka kwarara ruwan sanyi a cikinta tana da zafi, cikin bangon ya tsuke, bayansa bai tsuke ba, ga sauran tururi na turawa. Sai ta buɗe kaɗan, ba ta komawa. Gobe ta ƙara. Da haka ta yi tumbi, bangon ya sirance ya yage. Ka san hannunka ne, shi ya sa ka riga kowa ihun zagon ƙasa."

Sifeto ya miƙa hannu. Manaja ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya ba da makullin.

"Tashi mu tafi, Auta. Duk tukunyar nan waldarka ce kaɗai ba ta motsa ba."

"Yaya, yau ni kika yaba?"

"Ƙarfen na yaba. Riƙe min sandar, in kama hannunka."