Layin Mairama Mai Lema

A shekarun da salula ta shigo Katsina, layi ya fi ita kanta wayar tsada. Shi ya sa Mairama, mai lemar buga waya a Ƙofar Marusa, ta faɗo ofishin Sufeto Sada ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, Ɗayyabu mai gyara ya kashe mini layi! Lambar nan kaɗai ɗana Salahuddeen ya sani. Soja ne a Laberiya, duk Jumma'a ƙarfe huɗu yake kira. Yau fa Jumma'a!"

Sufeto ya dubi agogo, uku da rabi. Ya figi hularsa, ya yafito wani ɗan sanda ya biyo shi.

A gindin lemar ya iske Ɗayyabu yana ta rantse-rantse. "Batir kawai na canza jiya, yallaɓai. Wayar ce ta tsufa."

Sufeto ba ya aiki da rantsuwa. Ya zare layinsa ya sa a wayar Mairama, nan take ta kama.

"Waya lafiyarta lau."

Ya sa layin da ya ciro daga wayarta a tasa wayar. Shiru kamar an shuka dusa.

"Wannan an daɗe da rufe shi. Bayan Ɗayyabu, wa ya riƙe wayar?"

"Alhaji Baƙo dillalin shanu," in ji Mairama. "Ya zaga bayan katanga da ita, wai maganar sirri."

Ga Baƙo kuwa a kan benci, yana jan carbi. "Ni da ban taɓa mallakar waya ba, mi na sani da layi?"

Sufeto ya yi murmushi, don ya san ko layi ya mutu, sunayen da aka ajiye ciki ba sa mutuwa. Ya buɗe ya karanto da ƙarfi.

"Audu Mahauci. Sammani Direban Shanu. Dije Uwargida. Mairama, yaushe kika yi uwargida?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Kowa ya san Dije matar Baƙo ce.

"Dije nawa ke garin nan?" in ji Baƙo, yana neman takalmi.

Sai ga waya ta ɗauki ƙara a cikin babbar rigarsa. Ƙarfe huɗu daidai.

Carbin ya faɗi. "Nawa aka rufe, yallaɓai, na musanya. Sharrin shaiɗan ne."

Sufeto ya zaro wayar ya miƙa wa Mairama, ɗan sanda ya tasa ƙeyar Baƙo. Ta kara a kunne.

"Inna, lafiya kika daɗe ba ki ɗauka ba?"

Ta share hawaye da bakin mayafi. "Lafiya lau, ɗan nan. Wani Alhaji ne ya riƙe mini wayar."